Kabad ɗin ƙarƙashin sinki: me ya sa gabansa ke lotsawa, kuma ya ake tallafe shi?

Kicin na zamani ya shigo gidajenmu sosai, kusan duk sabon gini a Kano ko Kaduna ko Abuja ko Maraɗi sai ka ga an jera kabad a jikin bango, an ɗora giranit ko mabul a kai, an dasa sinki a tsakiya. Amma akwai ƙorafin da ke ta maimaituwa. Sauran kabad ɗin suna nan lafiya lau, na ƙarƙashin sinki ne kawai ƙofofinsa suka fara gogar juna, ko siririn dutsen da ke gaban sinkin ya tsage, ko sinkin kansa ya fara rabuwa da dutse ruwa na bi ta tsakani. Kafinta ya ce laifin mai dutse ne, mai dutse ya ce kafinta bai ba shi abin da dutsen zai zauna a kai ba, su biyun kuma su haɗu su ce ai mai aikin famfo ne ya bar bututu yana yoyo. Mai gida ya rasa wa zai kama. Kowanne cikinsu yana da ɗan gaskiyarsa, amma mafi yawan lokaci maganar tana komawa ne kan katako guda ɗaya da ba a ma ganinsa idan an rufe ƙofa.

Sassan da ake magana a kai

Kabad na ƙasa akwati ne. Yana da allunan gefe guda biyu, allon ƙasa, allon baya, sai sama inda galibi ba a sa cikakken allo, sanduna biyu ake gittawa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, su riƙe allunan gefe kada su buɗe, kuma a kansu dutse ke zama. Ta gaban nan ita ce sandar gaba, ita ce za mu fi daɗewa a kanta.

Awon da aka saba da shi: daga ƙasa zuwa saman dutse wajen santimita 90, wato inci 36 kenan a lissafin Amurka. Faɗin dutsen daga bango zuwa baki santimita 60, akwatin kansa 56 zuwa 58 saboda a bar wa ƙofa wuri. Faɗin na sinki daga hagu zuwa dama yakan zama santimita 60 in kwano ɗaya ne, 80 ko 90 ko 100 in kwano biyu ne. Allon da ake yanka shi mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ne, kaurinsa milimita 18, ko da yake akwai na 15 da 16 da wasu ke amfani da su don rage kuɗi.

Sinki kuma iri uku ne. Akwai wanda ake sakowa ta sama leɓensa ya zauna a kan dutse, shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu. Akwai wanda ake mannawa ta ƙarƙashin dutse, babu leɓe a sama, kina share ruwa ya faɗa ciki kai tsaye. Sai na uku mai buɗaɗɗiyar fuska, wanda gabansa ke fitowa waje ana ganinsa, sau da yawa na tangaran ne mai nauyi. Kowanne da yadda yake ɗora wa kabad kaya.

Abin da ya bambanta shi da sauran kabad

Kabad mai durowa yana da sanduna a tsakanin durowoyin, mai shelf yana da shelf, kuma dukkansu suna da cikakken allon baya da ke hana akwatin karkacewa. Na sinki an raba shi da duk wannan. Ba shelf a sama saboda kwano, ba durowa, bayan an huda shi ko an cire shi gaba ɗaya saboda bututun ruwa da na magudana, ga shi kuma shi ne ya fi kowanne faɗi a layin. Dutsen da ke kansa ma an yanke tsakiyarsa an fitar.

Mu yi lissafi. Dutse faɗinsa 60, sinkin da ake sakowa ta sama da yawa faɗinsu 50 ne daga gaba zuwa baya, ramin da za a yanka masa kusan 48, kaga saura santimita 12 kenan da za a raba tsakanin gaba da baya. Wato a gaban sinki abin da ya rage na dutse bai wuce santimita 5 zuwa 7 ba, kuma a cikin wannan ma santimita 2 zuwa 4 a waje suke, sun zarce akwatin sun rufe saman ƙofa, ba abin da ke ƙarƙashinsu. Siririn dutse mai tsawon santimita 80, wanda rabinsa kawai ke zaune a kan wani abu.

Nauyi kuwa ba kaɗan ba ne. Giranit mai kaurin santimita 3 yana kai kilo 80 a kowace murabba'in mita, mai santimita 2 wajen kilo 54. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kwano mai 40 da 40 da zurfin 20 yana cin lita 32, in biyu ne aka cika su an haura kilo 60 tun ba a sa tukunya ko ɗaya ba. To a nan akwai abin da masu zana kicin a Turai ba su lissafa da shi ba: a unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa, jarka mai lita 25 ake ɗagowa a dire ta a bakin sinki kafin a tuttula, kilo 25 kenan a wuri ɗaya, daidai tsakiyar siririn dutsen nan, kuma direwa ake yi ba ajiyewa a hankali ba. Ga babbar tukunyar tuwo da aka jiƙa ta kwana, ga mai wanke-wanke da ke jingina cikinta da bakin, ga yaro da zai dafa ya ɗare don ya kai ga famfo. Duk a gaba suke sauka.

Shi kuma dutse yana jure a danna shi amma ba ya jure a lanƙwasa shi. Katako in ya lotsa milimita 2 ko 3 ba wanda zai lura, dutse ba zai bi shi ba, zai tsaya da rata a ƙarƙashinsa har ranar da aka dire masa nauyi ya dare.

Daga ina tsarin ya zo

Kicin mai kabad a jere manne da bango ya samo asali ne a Turai, wanda aka fi ambata shi ne kicin ɗin Frankfurt da Margarete Schütte-Lihotzky ta zana a 1926. Daga baya hanya ta rabu biyu. A Amurka an fi sabawa da akwati mai firam a fuska, wato ana haɗa firam na katako mai ƙarfi, faɗin kowane sashe wajen inci ɗaya da rabi, a manna shi a gaban akwatin sannan a rataya ƙofofi a jikinsa. A Turai bayan yaƙin duniya na biyu aka koma akwati marar firam, allo kawai, ana huda ramuka a jere da tazarar milimita 32, ƙofa ta rufe bakin allon gaba ɗaya da hinjin nan mai kofi na milimita 35 irin na kamfanonin Blum da Hettich.

Abin da ya shigo mana da MDF da HDF, allunan nan na zaren katako da aka matse da gam, shi ne na Turai, marar firam. Yana da sauƙin yanka, yana da kyan gani, cikinsa ya fi faɗi. Sai dai a tsarin Amurka firam ɗin da kansa yana ba da sanda a tsaye a sama, sau da yawa ma biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashin fuskar durowar nan ta ado wadda ba ta buɗuwa. A marar firam babu wannan sai an sa shi da gangan. Manyan kamfanonin da ke yin irinsa sun san da haka, shi ya sa irin su IKEA ke sa sandar ƙarfe a saman akwatin. Mu kuma sau da yawa hoton waje ake kwaikwayo daga waya, abin da ke ciki ba ya fitowa a hoto.

A kwance ko a tsaye

Nan ne zuciyar maganar. Kafinta yana yanko allo mai faɗin santimita 8 ko 10 ya kwantar da shi a sama a matsayin sandar gaba, haka yake yi wa duk kabad ɗin layin, kuma a sauran ba matsala. A na sinki, ranar da aka zo dasa kwano sai a ga sandar ta tare hanya, sai a sa zarto a rage ta, santimita 8 ta koma 3 ko ma ƙasa da haka, a bar ɗanyen bakin allo a buɗe daidai inda ruwa ke ɗiga. Wasu ma cire ta ake yi gaba ɗaya a ce ai dutse zai riƙe.

Ƙarfin sanda wajen ƙin lotsawa ba daga faɗinta ya fi zuwa ba, daga tsayinta ne, wato kaurinta daga ƙasa zuwa sama, kuma ba ninki ɗaya ba. In ka ninka faɗi ƙarfin ya ninku sau 2, in ka ninka tsayi ya ninku sau 8. Allo ɗaya mai milimita 18 da santimita 8, in ka tsayar da shi a kan gefensa ya fi kansa a kwance ƙarfi kusan sau 20, in mai santimita 10 ne kusan sau 30. Duk kafintan da ya taɓa rufin kwano ya san wannan ko bai san lissafin ba, ba wanda ke kwantar da katako mai inci 2 ba 6 a kan faɗinsa, tsayar da shi ake yi.

Tazara ita ma haka take aiki amma ta juye. Da kaya iri ɗaya, in ka ninka tazarar da ke tsakanin allunan gefe lotsawar ta ninku sau 8. Daga santimita 60 zuwa 90 ta fi ninki 3. Shi ya sa sandar da ta wadatar a kabad mai kwano ɗaya take gazawa a mai kwano biyu, kafinta kuma ya rantse ya sha yin irinta ba a taɓa dawo masa da ƙorafi ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Sanda a tsaye tana da wata fa'idar: milimita 18 kawai take ci daga zurfin akwatin, ba ta tare wa kwano hanya, don haka ba mai zuwa ya yanke ta. Abin da take ci shi ne santimita 8 zuwa 10 daga saman bakin ƙofa, wurin da dama kwano ne ke rataye a bayansa, ba abin da ake sakawa ta nan.

Masu kwantarwa su ma suna da hujja. Suna cewa sanda a kwance tana ba dutse faffaɗan wurin zama da wurin sa gam, tana ba da inda za a ɗaure sukuru in saman na allo ne ba dutse ba, kuma ta fi riƙe kusurwar akwatin kada ya murɗe. Wannan duk haka ne. Inda saman allo ne mai kaurin milimita 38 ko 40 irin na Turai kuma kabad ɗin 60 ne, a kwancen ma tana iya isa. Matsakaicin da ƙwararru da yawa ke bi shi ne a haɗa biyun: ɗaya a tsaye mai santimita 8 zuwa 10, a manna mata siririya a kwance a sama ta ciki gwargwadon abin da kwano ya bari, su tashi kamar harafin L, da gam da sukuru. Ko a ninka ta tsayen ta zama allo biyu manne in wuri ya isa.

Akwai kuma yayin kicin marar hannun ƙofa, inda ake fafe saman allunan gefe a sa wani kwararon alminiyam da ake zura yatsu a ciki. Wannan kwararon yana zama ne daidai inda sandar gaba ya kamata ta zauna, kuma ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Dole sai an ja sandar baya kaɗan an sa ta a bayansa, wanda ke nufin a ƙara matsar da sinki baya.

Da me za a yi sandar

Kowa da abin da ya gaskata. Masu MDF da HDF suna son launi ya zo ɗaya kuma daga ragowar yanka ake samunta kyauta. Illarsa, MDF bai wuce kashi ɗaya cikin uku na taurin katako mai kyau ba, na garin katako da aka matse ya fi shi rauni, kuma dukansu in kaya ya daɗe a kansu suna ci gaba da lotsawa a hankali ba sa dawowa, in danshi ya shiga abin ya ƙara sauri. Sukuru a bakin MDF kuma yana tsaga shi in ba a fara huda masa rami ba.

Filawud mai milimita 18 ya fi su, ya fi riƙe sukuru ya fi jure ruwa, da sharaɗin a yanka shi yadda zaren fuskar zai bi tsawon sandar. Amma sunan da ɗan kasuwa ya kira allo ba hujja ba ne. Baƙin allon nan da ake kira marin bod a Najeriya asalinsa na zuba kankare ne, akwai mai kyau akwai mai ramuka a ciki, kuma ba shi ne filawud ɗin jirgin ruwa mai ma'aunin BS 1088 ba. Ko a 'Yan Katako ta Na'ibawa ka saya ko Panteka ko Dei-Dei ko kasuwar Katako ta Yamai, gwajin ɗaya ne, ka karɓi guntu ka jiƙa shi a bokiti ya kwana ka ga yadda bakinsa zai yi.

Katako zalla irin maɗaci ko iroko ya fi duk waɗannan alluna ƙarfi, matsalarsa ɗanye. In bai bushe ba, hunturu na zuwa zai ja jiki ya murɗe ya tafi da gam ɗin da ke tsakaninsa da dutse. Ga gara, wadda ke son wuri mai danshi da duhu, ƙarƙashin sinki kuwa ya haɗa duka biyun.

Sai ƙarfe. Taurinsa ya kai na katako kusan sau 20, don haka angil ayon mai milimita 30 ko 40 ko fayif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya yana yin aikin da babban katako zai yi ba tare da ya ci wuri ba, kuma mai walda na unguwa zai iya yi masa kunnuwa a ɗaure shi a allunan gefe. Masu sukarsa suna kawo tsatsa, kuma suna da gaskiya in ba a shafa masa jan fentin hana tsatsa an bi da wani fentin ba. Alminiyam ba ya wannan tsatsar amma taurinsa kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, sai an ƙara masa girma.

Ko da me aka yi ta, mahaɗarta da allunan gefe ce ke fara gazawa. Ƙusar bindiga da ɗan gam ba sa riƙe wannan kayan. Ana so a sa turakun katako da gam, ko sukuru masu kauri biyu a kowane gefe, a ƙara da ɗan katako a ƙarƙashin kowane ƙarshen sandar manne da allon gefe yadda za ta zauna a kansa, nauyin ya sauka a katako ba a jikin sukuru kaɗai ba.

Ginshiƙin tsakiya

Ana jayayya a kan wannan ma. Ginshiƙi a tsakiyar ƙofofi biyu yana raba tazara gida biyu, kuma mun ga abin da hakan ke nufi a lissafi. Amma yana tare hanya, bokiti ko kwandon shara ba ya shiga da daɗi, mai aikin famfo in ya zo kwance lanƙwasasshen bututun nan da ke hana wari dawowa sai ya yi ta fama, wani ma ya ɓalle shi bai mayar ba. Kuma ginshiƙin a kan allon ƙasa yake sauke kayansa, in babu ƙafa ko dakali daidai ƙarƙashinsa to an dai ɗauke lotsawar daga sama an kai ta ƙasa. Wasu suna yin sa da sukuru yadda za a iya cirewa a mayar. Ita kuwa siririyar da ake mannawa a bayan ƙofa ɗaya don ta rufe ratar tsakiya, tana kama da ginshiƙi in an rufe amma ba ta ɗauke da komai. A kabad mai 80 ko 90 sanda a tsaye mai kyau tana isa ba sai da ginshiƙi ba, daga 100 zuwa sama ne ake buƙatar ko shi ko ƙarfe.

In sinkin na ƙarƙashin dutse ne ko mai buɗaɗɗiyar fuska

Wanda ake mannawa ta ƙasa duk nauyinsa da na ruwansa jan dutsen yake yi ƙasa. Silikon aikinsa toshe ruwa ne, ba ɗaukar kilo 60 ba. Ana sa masa maƙalai na ƙarfe a ƙarƙashin dutse, in babba ne kuma a gitta sanduna biyu daga allon gefe zuwa allon gefe leɓen sinkin ya zauna a kansu, yadda ko gam ya saki ba inda za shi.

Mai buɗaɗɗiyar fuska shi kuma yana cinye wurin sandar gaba gaba ɗaya, don haka sandar sauka take yi ta koma ƙarƙashin gindinsa, a yi masa dandamali na filawud a kan katakai da suka sauka har ƙasan akwatin. Na tangaran zai iya kai kilo 40 ko fiye ba ruwa a ciki, kuma da yake gasa shi ake yi awonsa kan ɗan bambanta da abin da aka rubuta a kwali, sai yana ajiye a gaban kafinta ake yanka.

Ɓangaren mai dutse

Ba duka ne a wuyan kafinta ba. Kusurwoyin ramin sinki in an yanka su da kaifi, daga nan tsagewa ke farawa, ana so a zagaye su. Dutsen da aka riga aka huda a tsaye ake ɗaukarsa, in mutum biyu suka kama shi a kwance zai iya samun tsagar da ido ba ya gani tun kafin ya shiga kicin. Dutsen santimita 2 da aka manna wa leɓe ya yi kamar 4 kaurin ado ne kawai. A ƙasashen waje akwai al'adar fafe ƙarƙashin siririn gaban a binne sanda da gam mai ƙarfi, sai dai inda aka sa ƙarfe mai tsatsa ruwa ya kai gare shi kumbura yake ya fasa dutsen da kansa, shi ya sa aka koma ƙarfen da ba ya tsatsa ko sandar zaren gilas. Akwai kuma saɓani kan inda za a sa mahaɗar dutse biyu: wasu suna sa ta a tsakiyar sinki saboda gajera ce ba ta fiye fitowa ba, wasu suna ganin an haɗa rauni biyu a wuri ɗaya. In za a sa ta a nan to sandar da ke ƙasa ce kaɗai ke riƙe da bakunan biyu.

Daga sanda zuwa ƙasa

Sanda ta miƙa kaya ga allunan gefe, su kuma dole su samu abin takawa. In ƙafafun roba masu murɗawa aka sa, su zauna yadda bakin allon gefe zai hau kansu, ba can ciki a ƙarƙashin allon ƙasa kaɗai ba, kuma akwati mai 80 zuwa sama yana son ƙarin ƙafa a tsakiyar gaba. Da yake a gidajenmu da ruwa ake wanke ƙasan kicin, dakalin siminti mai tsayin santimita 10 da aka ja shi baya kaɗan don wurin sa ƙafa yana da amfani, muddin an sa masa lebur. Dakali marar daidaito yana sa kusurwa ɗaya ta rataya, dutse ya murɗe. A baya kuma a sa sanda a tsaye a ɗaure ta da bango da fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, a ɗaure akwatin da maƙwabtansa na hagu da dama. In injin wanki ne a gefe ɗaya, wannan gefen ba shi da maƙwabci, sai an ba dutsen tallafi a jikin bango.

Ko a zuba kankare kawai?

Magina da yawa wannan suke ba da shawara: a ɗaga bulo, a zuba silab da rodi, a bar ramin sinki, a ɗora tayil ko giranit, kafinta ya zo ya sa ƙofofi kawai. Ba ruwansa da gara ko yoyo, kuma jarka ba ta ba shi tsoro, ga gidan haya ko gidan yawa yana da ma'ana. Amma siririn gaban yana nan a kankaren ma, in rodi bai bi ta cikinsa ya shige bulon hagu da dama ba zai tsage, in rodin ya yi kusa da fata kuma ya yi tsatsa ya ɓamɓare simintin. Bulo yana cin wurin ajiya, kuma in an zuba an zuba, canza sinki zuwa wani girman sai da guduma. Inda aka bar rami kafin a sayi sinki, ƙarshenta sassaƙa ake yi, kuma gaban ne ake ragewa.

Abin da ya shafi mai gida da mai wanke-wanke

Wani zai ce to a faɗaɗa siririn gaban mana ya kai santimita 12 a huta. Yana ƙara ƙarfi, amma kowane santimita da aka ƙara yana nesanta kwano da mai aiki, ta riƙa sunkuyawa tana miƙa hannu, bayanta ne zai biya, kuma a baya wurin kan famfo yana matsewa. Shi ya sa masu aikin dutse da yawa ke tsayawa tsakanin 7 da 10 inda faɗin ya ba da dama, sauran ƙarfin a nemo shi daga ƙasa.

Ta fuskar kuɗi, sandar kirki guntun filawud ne ko angil ayon da bai kai mita ɗaya ba. Dutsen da ya tsage kuwa ko an like shi layin yana nan, ruwa na bi, in za a canza sai an kwance famfo da sinki, wani lokaci tayil ɗin bango ma ya tafi, ga wuyar samun dutse mai launi iri ɗaya. A gidan haya nan ne rigima ke tashi tsakanin mai gida da ɗan haya kan ko amfani ne ya lalata ko aiki ne tun farko.

Mafi yawan rikicin masu sana'a ukun daga jerin aiki yake tasowa. In an sayi sinki da kan famfo tun farko aka ba kafinta ya auna, ya san inda kwano zai sauka, mai dutse ya zo ya ɗauki awo a kan akwatin da aka riga aka kafa aka daidaita, mai famfo ya huda ramukansa daidai girman bututu aka shafe bakunan da silikon ko fenti, to ba wanda zai zo da zarto a ranar ƙarshe. Kafin a ɗora dutse mai gida zai iya leƙawa da kansa ya ga sandar a tsaye take ko a kwance, ya danna tsakiyarta da nauyin jikinsa ya ga ko tana motsi.

Wanda nasa ya riga ya kafu kuma, alamun su ne ƙofofi biyun su fara haɗuwa ko ɗaya ta sauka a tsakiya, silikon ɗin bakin sinki ya riƙa rabuwa ana sake shi yana sake rabuwa, ko a zura takarda tsakanin dutse da sanda ta shige. In dutsen bai tsage ba ana iya gyarawa ba tare da an sauke shi ba: a tokare tsakiyar da katako daga ƙasa a hankali har ratar ta rufe, ba a ɗaga da ƙarfi ba, sannan a sa sabuwar sanda a tsaye ko angil ayon a ƙarƙashin tsohuwar a ɗaure ta da allunan gefe. In allunan gefen sun riga sun sha ruwa sun kumbura ba za su riƙe sukuru ba, sai a jingina musu sabon filawud ta ciki tun daga ƙasa har sama sandar ta zauna a kansa, kuma a fara gyara yoyon kafin a taɓa katako.